Gyaran casis da tankin mai na Triumph Spitfire ta 1972 a gida: ta ina ake farawa?

Mai_Spitfire:

Assalamu alaikum masana. Akwai Triumph Spitfire MkIV ƙirar 1972 a hannuna, mai inji 1296cc da kafireto biyu ƙirar kamfanin SU. Ta daɗe a ajiye a gareji mai yoyo, kuma da ragowar fetur a cikinta aka ajiye ta. Injin yana juyawa da sifana, don haka ba shi ne damuwata ba a yanzu.

Ga abin da ke ƙasa. Hannuwan casis biyu da ke bayan tayoyin gaba, waɗanda ke tallafe da wurin ajiye ƙafa, sun rube, na gefen direba har sukudireba yana shigewa. Manyan ƙarafa biyu na tsakiya suna da tsatsa mai ɓarewa amma suna amsa guduma, ban da wuri ɗaya kusa da aksul ɗin baya inda sautin ya mutu. Tanki kuwa warin tsohon banish yake yi, in an girgiza shi ana jin ɓarɓashi a ciki.

Kayan aikina su ne garandin, injin walda na inbata mai ilaktirod, kwamfireso mai lita 50 da janareta. Shin dole sai an raba bodi da casis, ko za a iya yin aikin daga ƙasa? Waldar ilaktirod za ta yi? Tankin kuma a wanke ne ko a nemi wani? Wani ya ce in kai wa mai walda ya tsaga shi ya kankare cikin ya mayar. Allah Ya saka da alheri.

Injiniya_Tsoho:

Wa alaikumus salam. Malam, raba su. Daga ƙasa fuska uku kawai za ka gani na kowane ƙarfe, ta huɗun tana manne da bodi, kuma a nan ƙura da danshi suke kwana. Tunda sautin ya mutu kusa da aksul, ba maganar facin kwance ba ce. Amma kafin sifana ya taɓa ko ina, tanki za ka fara cirewa ka kai shi nesa da inda za a yi garandin da walda.

Sai ka san irin motar da ke gabanka. Casis ɗin Spitfire na Triumph Herald ne aka gajarta, aka cire masa ƙarafan gefe, ya zama ƙashin baya a tsakiya. Nauyin da ƙarafan gefen suke ɗauka a Herald ya koma kan dogarin da ke ƙarƙashin ƙofofi, wato a wannan mota dogarin ƙofa ƙarfen ɗaukar nauyi ne ba ado ba. Idan ya rube kuma ka ɗaga bodin haka nan, zai lanƙwashe a tsakiya, ƙofofi ba za su sake rufuwa daidai ba. Saboda haka:

Idan dogarin da daɓen ƙasa suna buƙatar canji, a canza su tun bodin yana zaune a kan casis, ƙofofi a rataye, ana duba tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi. Casis ɗin ne ma'auninka. In za ka ɗaga kafin nan, cire ƙofofin ka ɗaure bakin kowace ƙofa da fayif mai kusurwa huɗu, 25mm, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sannan ka gicciya wani daga hagu zuwa dama. Walda ɗigo-ɗigo ta isa, daga baya ka yanke.

Abubuwan da ake kwancewa kafin ɗagawa: bonet gaba ɗayansa (shi kaɗai aikin mutum biyu zuwa uku ne), sandar sitiyari, fayif ɗin birki da na kuloci daga tukwanensu, wayar totur da ta cok, wayar sifidomita, wayar birkin hannu, wayoyin wuta da fayif ɗin mai. Akwai abin da mutane ke mantawa: sanduna biyu da ke riƙe ƙafafun baya daga gaba, a jikin bodi suke ɗaure bayan kujeru, ba a casis ba. In ba ka kwance su ba za ku yi ta ɗagawa bodi yana ƙi. Duba wurin da suke ɗaure da kyau, shi ma yana rubewa, kuma in ya saki mota tana tafiya ƙafar baya ce za ta juya da kanta. Mutum huɗu zuwa shida sun isa ɗaga bodin.

Tsakanin bodi da casis akwai washa-washa da robobin cike tazara. Kowane wuri ka ƙirga nasa, ka ɗaure su da waya, ka rubuta musu suna. Haka siraran farantan da ke bayan mariƙan ƙafar gaba na ƙasa, su ne suke saita kwanciyar taya. In ka zuba su a roba ɗaya ka saya wa kanka aikin mako guda. Kuma notocin motar nan na inci ne, zaren UNF, sifana 7/16, 1/2 da 9/16 su ne za su yi maka yawancin aikin. Kada ka danna musu 13 da 14, kan notin zai murje.

Yanzu awo, kuma shi ya fi komai. Kada ka yanke ko yatsa ɗaya kafin ka auna. Ɗora casis a kan jak mai tsayawa guda huɗu a daɓen siminti, ka daidaita shi da tiyon ruwa irin na magina. Ɗauki zare mai nauyi a ƙarshe, ka sauke shi daga tsakiyar kowane rami mai muhimmanci: ramukan ƙafar gaba, na difaranshal, na shakazoba da na zaman bodi. Duk inda nauyin ya nuna a ƙasa ka manna tef ka yi alama. Janye casis ɗin, ka auna a gicciye, gaba hagu zuwa baya dama, gaba dama zuwa baya hagu. Bambancin da bai wuce 3mm ba lafiya lau ne. In ya haura 6mm motar ta taɓa cin karo ko tsatsa ta sa ta saki, kuma sai an miƙar kafin a yi faci, in ba haka ba karkacewar za ka kulle da walda. Littafin gyara na kamfanin yana da zanen casis da duk ma'auninsa, nemo shi. Alamomin nan na ƙasa kada a share su har aiki ya ƙare, da su za ka saita sababbin hannuwan.

Wurin da sautin ya mutu sananne ne. Nan ne ƙarafan suke sauka ƙasa, ruwa ya taru a ciki in ramukan tsiyaya sun toshe, sai ya ci daga ciki zuwa waje. Abin da kake gani a waje ƙarami ne a kan na ciki. Ka duba kuma akwatunan da bonet ke juyawa a kansu a can gaba.

Oga_Walda:

Injiniya ya gama magana a kan awo, bari in ɗora a kan walda.

Ilaktirod za ta yi a manyan ƙarafan in hannunka ya zauna, amma ba 2.5mm ko 3.2mm da ake yin gyet da su ba. Nemi 6013 mai 2.0mm, ka fara daga wajen amfiya 45 zuwa 55, ka gwada a kan guntun da ka yanko daga casis ɗin kansa. A bodi kuwa manta da ita, farantin bai kai milimita ɗaya da rabi ba, huda za ta yi ta yi. MIG, wato walda mai waya da gas a madadin ilaktirod, ita ce ta dace da duka biyun: waya 0.8mm a casis, 0.6mm a bodi, da gas na argon haɗe da CO2. CO2 zalla ma yana yi, sai dai tartsatsi ya fi yawa. In saye ya yi tsada, a Panteka ko Ƙofar Ruwa ba za ka rasa wanda zai zo da tasa ka biya shi kuɗin aiki ba, kai kuma ka yi yanka da gyaran baki. Janaretan da bai kai 5kVA ba yakan nutse a daidai lokacin da wuta ta kama, waldar ta zauna a sama ba ta shiga ba. Waldar kabait ta fanel bita tana baza zafi ta murɗe ƙarfe, tagulla kuma liƙi ce ba narkewa ba, ba a yin ta a wurin ɗaukar nauyi.

Yadda ake facin babban ƙarfen:

Tokare shi gaba da bayan wurin, ka ɗaure angul ayon a kansa na wucin gadi domin kada ya buɗe in ka yanka. Yanka har sai ka iske ƙarfe mai cikakken kauri, ka ƙara 20mm bayan nan. Auna kaurin da baniya (ma'aunin kauri mai baki biyu) a wuri mai lafiya ka sayi faranti daidai da shi. Mutane suna son sa 4mm wai don ƙarfi, alhali wurin da ya fi maƙwabtansa tauri shi ke tura lanƙwasa zuwa bakin waldar, nan ne yake tsagewa daga baya. Kusurwoyin facin ka zagaye su, kada su zama masu kaifi. Idan dole ka yanke ƙarfen gaba ɗaya, kada yankan ya miƙe daga sama zuwa ƙasa, yi shi a karkace, ka zura wani guntu a ciki da ya wuce mahaɗar da kamar 50mm kowane gefe, ka huda ramukan 8mm a ƙarfen waje ka cike su da walda su kama na ciki.

Faci baki-da-baki ake yi, da tazarar 1mm. Kada ka ɗora faranti a kan rubabben wuri, tsakaninsu ɗakin tsatsa ne. Ɗigo a kusurwa huɗu, sake awo, sannan ɗinki 25mm nan, tsallaka can gefe, bari ya huce har hannu ya iya taɓawa. Ba a zuba ruwa. Tunda an buɗe cikin, kankare shi iya inda hannu ya kai ka shafa fentin zinc kafin ka rufe.

Hannuwan gaba ana sayar da sababbinsu a Ingila, Rimmer Bros da Canley Classics da Moss duk suna harkar kayan Triumph. Amma siffarsu ba ta da wuya, mai lanƙwasa faranti zai fitar maka in ka kai masa tsohon. Ramin zaman bodi shi ne abin kiyayewa: ɗigo kawai za ka yi, ka ɗora bodi ka ga noti ya shiga da hannu, sannan ka kammala.

Abu biyu na lafiya. Faranti mai galbanaiz hayaƙinsa yana sa zazzaɓi, goge rufin daga baki kafin walda. Sannan kada ka wanke wurin walda da feshin wanke birki, wasu suna ɗauke da sinadarin kulorin, wuta na taɓa shi yake zama iskar fosjin mai kisa. Tina ko asiton, ka bari ya bushe.

Hajiya_Kemist:

Wanda ya ce a kai tanki a tsaga bai so ka da alheri ba, Malam. Tururin fetur yana kamawa in ya kai kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iska. Tankin MkIV lita 33 ne. In ka yi lissafi, fetur ɗin da bai cika cokalin shayi ba ya isa ya mayar da shi bam. Tanki cike yana ci da wuta ne, wanda ake ce wa fanko shi ke fashewa, kuma tsohon fetur yana maƙale a ɗinkin faranti da cikin tsatsa shekara da shekaru. Dabarar zura hayaƙin salansa a ciki da wasu masu walda ke yi ba kariya ba ce, hayaƙin yana iya zuwa da ɗanyen mai da iskar da ke ci. Ƙari a kan haka, a motar nan tanki yana bayan kujeru ne, saman aksul, abin da ya raba ku da shi allon kwali ne kawai. Ba wurin da ake yarda da "ai ya ɗan daina ɗiga" ba ne.

Ga tsarin wanki. A fili, babu janareta a kusa, babu rushi, da abin kashe gobara mai hoda a gefe. Tururin ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya tafiya har murhu.

1. Zuƙe ragowar da famfon hannu. Cire fulot ɗin geji, wato abin da ke shawagi a tanki yana nuna yawan mai: zobe ne ke kulle shi, a buga shi da katako ko tagulla, ba kurfin ƙarfe ba.

2. Fara da danƙon, ba da tsatsa ba. Asid ba ya cin danƙon fetur, in ka zuba shi a kai tsatsar da ke ƙarƙashi tana nan. Ruwan zafi da omo mai yawa ko sabulun wanke inji, a bar shi ya kwana, a zubar, a maimaita har ruwan ya daina fitowa ruwan kasa. Danƙon da ya ƙi, rabin lita na asiton yana narkar da shi. Kostik soda ta masu sabulu ma tana ci, amma tana cin dalmar da aka liƙe wuyan tanki da fayif da ita, ni ba na ba da shawararta.

3. Zuba notoci masu kaifin gefe kamar 30, ko guntun sarƙa, da ruwa lita biyu, a yi ta jujjuyawa ta kowace fuska. Ƙirga su kafin da bayan. Tsakuwa tana maƙalewa ta farfashe, a bar ta.

4. Leƙa da tocila da ƙaramin madubi. Hukunci a nan yake. Tsatsar sama-sama da ƙananan ramuka, a ci gaba. In ƙasan ya yi laushi, ko ɗinkin gefe yana jiƙewa, ko ramukan da suka huda sun wuce uku zuwa huɗu, a nemi sabon tanki. Ana yin su har yanzu.

5. Cire tsatsa. Mafi sauƙin samu shi ne sitirik asid, garin tsamin da masu haɗa lemo ke saya. Kilo 1.5 zuwa 2 a ruwan ɗumi, a cika tanki har wuya, a bar bakin a buɗe saboda yana fitar da iska, kwana ɗaya zuwa biyu a rana. Fosforik asid da aka tsarma zuwa kashi 10 ko 15 ya fi shi, domin yana barin rufi mai ruwan toka da ke jinkirta sabuwar tsatsa. Asid ake zubawa a ruwa, ba ruwa a asid ba, da tabarau da safar roba. Ruwan batir da asid ɗin wanke tayil kada su shiga: suna cin ƙarfe mai lafiya, na tayil kuma yana barin gishirin da zai tayar da tsatsa ko an ɗauraye.

Akwai hanyar lantarki ga mai haƙuri. Soda ash cokali babba ɗaya a kowace lita 4, a rataya guntun rodi a tsakiya ba tare da ya taɓa jiki ba, jan waya a rodi, baƙa a tanki, caja mai bolt 12. In ka juya wayoyin, tankin ne zai lalace. Rodi ya zama baƙin ƙarfe, ba sitenles ba, shi yana sakin guba a ruwan. Kanwa danginsu ɗaya da soda ash, amma tana zuwa da gishiri da yashi, a bar ta a kicin. Raunin hanyar shi ne inda rodin yake "gani" kawai take wankewa sosai, lunguna suna tsira.

6. Ɗauraye sosai, sannan ruwa da bekin soda cokali huɗu zuwa biyar in sitirik aka yi, a sake ɗaurayewa. Daga nan gudu ake yi, domin ƙarfe tsirara yana yin ja cikin mintuna. Kofi ɗaya na sifirit ko asiton ya kwashe ragowar ruwa, a zubar, a hura iskar kwamfireso daga nesa da dogon tiyo, a kifa a rana. Ba a sa na'urar busar da gashi ko mai zuƙe shara muddin akwai warin asiton, motarsu tana tartsatsi.

7. Gwajin yoyo. Toshe ko ina, ka ɗaure guntun tib ɗin keke ko balan-balan a wuya, ka hura da famfon keke har ya kumbura. Kada matsin iskar ya wuce psi 2 (psi ma'aunin matsi ne, irin na iskar taya). A fuskar da ta kai santimita 50 sau 30, psi 2 ɗin nan nauyin kusan kilo 210 ne, kwamfireso kai tsaye zai kumbura tankin ya fasa ɗinki. Shafa ruwan sabulu ka nemi kumfa.

Ƙaramin rami ɗaya ko biyu, mai gyaran lagireto zai liƙe da dalma, da sharaɗin a zafafa ƙarfen liƙin a can nesa a kawo shi, harshen wuta bai zo kusa da tanki ba. A wanke ruwan liƙin bayan an gama, shi ma mai ci ne.

Daga ƙarshe sai a zuba abin rufe ciki, irin POR-15 ko epoksi na Caswell. Rabin lita ya ishi wannan tanki. A juya ya taɓa ko ina, a tsiyaye ragowar gaba ɗaya, a bar shi kwana huɗu.

Bakanike_Zariya:

Hajiya, komai na yarda da shi ban da na ƙarshen. Tankin da ya wanku kuma ya ci gwajin yoyo ba ya buƙatar rufin ciki. Rufin nan in ya sami ɗigon danshi ko ragowar danƙo a lungu, ba ya kamawa, bayan wani lokaci ya saɓule fallaye-fallaye ya toshe bakin fayif. Mota ta yi tafiya ta mutu, ta huta ta tashi, a yi ta zargin kwayil da kafireto. Cire wanda ya saɓule kuma ya fi wankin farko wahala. A MkIV fayif ɗin zuƙo mai ta sama yake fita, dogo ne siriri, rufin yana iya daskarewa a cikinsa. Ni a ganina a bar ƙarfe da rufin fosforik, a shafe cikin da ɗan man inji mai tutu-sitirok in ba yanzu za a ɗaura ba, in an ɗaura kuma a riƙa barin tanki a cike, musamman da damina.

Hajiya_Kemist:

Gaskiyarka a tanki mai santsin ciki, Malam. Amma wanda ya yi shekaru da ruwa a ƙasansa rufin kamfani ya tafi, ramukan da ba su huda ba yau su ne za su huda baɗi. Kuma mai na wurinmu ba kullum yake zuwa a bushe ba, ga na 'yan bumburutu da ke kwana a jarka, ga irin fetur mai yawan metanol da aka shigo da shi a Fabrairun 2022. Metanol da itanol duk suna jan ruwa. Don haka a duba da madubi: in ƙasan ya yi zanzana a rufe, in sumul yake a bi maganarka. Mai rufewa kuma ya zura wayar totur a fayif ɗin, ya riƙa motsa ta yana hura iska lokaci-lokaci har rufin ya fara kamawa. Haka ramin numfashi.

Mai_Spitfire:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Saura fenti. Akwai mai feshin yashi a kusa da ni, da yashin rafi yake yi. Kuma an ce in ɗura baƙin mai a cikin casis ya fi komai. Yaya kuka gani?

Injiniya_Tsoho:

Feshi shi ne ya fi fitar da casis, amma yashin rafi ƙurarsa tana daskarar da huhu, ciwon da ba ya warkewa, kuma ƙyallen hanci ba ya tare ta. Nemi mai yi da ganet (wani irin garin dutse) ko dakakken gilashi. Kwamfiresonka na lita 50 ba zai ja feshi ba, kada ka wahalar da shi. In babu, garandin da burushin waya mai murɗe da faifan samfefa za su yi, sai ka bi da fosforik a ramuka. Burushi yana goge tsatsa ta yi sheƙi har ka ɗauka ƙarfe ne, ka lura. Kankare giris da tsohuwar kwalta tun kafin feshi. Kuma a yi feshin kafin walda, domin shi zai tona ramukan da guduma ba ta ji ba. Bayansa ka juya casis ɗin ka hura cikinsa har ɓarɓashi ya daina fitowa.

Fenti a ranar da aka fitar da ƙarfe ake fara shi. Hunturu ya fi saboda bushewar iska, sai dai ƙura, don haka yayyafa ruwa a ƙasa ka kewaye da leda. Da damina kada ka yi da sassafe ko bayan ruwa, ƙa'idar ita ce ƙarfe ya fi ma'aunin saukar raɓa zafi da digiri 3. Shafin farko epoksi mai haɗi biyu, a bi awon da ke jikin gwangwanin, a haɗa iya wanda za a shafe kafin ya daskare, da zafinmu kuwa yana saurin yi. Fara bin kusurwoyi da kan walda da ƙaramin burushi, sannan shafi biyu a ko ina. Lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta isa. Baƙin fentin casis a kai, cikin lokacin da gwangwanin ya faɗa, in ya wuce sai an karce da samfefa. Jan fentin gyet shi kaɗai yana shan danshi. Fentin mota mai hadina (sinadarin da ke daskarar da shi) kuma in za a fesa shi sai da abin rufe fuska mai kawo iska daga waje, a gida burushi ya fi. Toshe ramukan zare da tsofaffin notoci, ka bar wurin wayar as (wayar wutar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfe) tsirara.

Baƙin mai ya fi babu, iyakarsa ke nan. Yana tsiyayewa, yana kumbura robobi, yana tara ƙura, kuma duk wanda zai yi walda nan gaba zai sha wuta. Kakin cikin ƙarfe irin Dinitrol ko Waxoyl aka yi domin wannan. Ajiye gwangwanin a rana ya saki, ka zura dogon tiyo mai fesawa ta ko ina har ƙarshe, ka riƙa janyowa a hankali. Inda babu hanya huda 10mm ka toshe da roba. Shi ne aikin ƙarshe, bayan duk walda da fenti. Sannan ka bi ramukan tsiyaya da waya ka buɗe su, kaki yana rufe su.

Bakanike_Zariya:

Wajen mayarwa, tun bodi bai hau ba ka shimfiɗa fayif ɗin birki da na mai, lokacin ne suke da sauƙi. Na birki 3/16 na inci ne, a sa na kofa haɗe da nikel, baki mai ninki biyu, ba fayif ɗin firij ba. Tsohon fayif ɗin mai a jefar, danƙon da ke cikinsa zai ɓata wankin tanki. Tiyon roba a nemi mai rubutun SAE J30 R9, har da guntun da ke saman tanki, wanda in ya tsage iska famfo zai riƙa zuƙa ba tare da ka ga ɗigo ba. Sabuwar roba a wuyan tanki da bakin fulot. Filta mai gani-har-hanji kafin famfo, a canza ta da wuri a karon farko. In ka koma famfon lantarki, kafireton SU ba ya son fiye da psi 3, ya wuce haka kafireto zai yi ambaliya a saman salansa.

Gwada fulot da mitar lantarki kafin ka rufe: wajen om 240 zuwa 250 in yana ƙasa, wajen 20 in yana sama, kuma ya tafi sumul ba tsalle. Girgiza shi ka ji ko mai ya shiga ciki. In fulot lafiya amma gejin mai da na zafi duk suna ƙarya tare, ƙaramin abin daidaita wuta zuwa bolt 10 da ke bayan sifidomita ne, ko as ɗinsa.

A ƙafar gaba akwai mahaɗin tagulla a ƙasa mai zare. Na hagu da na dama ba ɗaya ba ne, zarensu ya saɓa, kada a musanya. Man giya EP90 ake ɗura musu ba giris ba, giris yana bushewa, zaren ya yi tsatsa, sandar ta karye taya ta kwanta. Duba zaren da kyau, in ya yi rami a canza. Sifirin ɗin gaba sai da abin matsewa. Notocin bushin duka a bar su sako-sako har mota ta sauka a kan tayoyinta da inji da bodi, sannan a ɗaure, in ba haka ba robar tana murɗe tun kafin a fita, ba za ta daɗe ba. Notocin bodi su ma haka: sa duka da hannu, rataya ƙofofi da bonet, gyara tazara da washa, sannan ka ɗaure daga tsakiya zuwa waje.

Fetur na farko lita 5 kawai, allon bayan kujeru a cire, takarda a shimfiɗe ƙarƙashin tanki, a bar shi ya kwana kafin a haɗa batir.